Waƙar Yaya Ba Ta Tafiya Sai Da Amshi

Da na zo Greensboro ta Amurka zama wurin 'yata, ba sanyi ne ya fara damuna ba, ba kuma abincinsu ba. Shirun mutane ne. Motoci na ruri a Gate City Boulevard tun safe har yamma, firji na gurnani, injin ɗumama ɗaki na huci, amma ɗan Adam kam sai ka rantse ɗinke masa baki aka yi. Ka hau bas daga tashar cikin gari har unguwarmu, mutum na zaune kafaɗa da kafaɗa da kai, ya toshe kunnuwansa da waɗansu 'yan fararen abubuwa, ko tari ya sarƙe ka ba zai ce maka sannu ba. Ni kuwa Allah bai yi ni da shiru ba. Tun ina yarinya ake ce mini uwar surutu, tsufa kuma bai rage mini komai a baki ba sai haƙora.

A ƙauyen da na tashi, ba a yin abu a bar shi ba amsa. Idan mata uku suka kewaye turmi ɗaya suna lugude, ɗaya za ta jefa baiti, biyun su cafe, taɓarya na sauka a kan gaɓar waƙar, har gero ya yi laushi ba wadda ta san ta gaji. A rafi ma haka, mai buga zane a kan dutse tana rerawa, ta can ƙetare tana mayar mata. Ko hira ce babba yake yi, dole a samu mai cewa "Na'am", da mai cewa "Ashe!", da mai tafa hannu ya ce "Kai, jama'a!" Kakata idan tana ba mu labari muka yi tsit, sai ta tsaya cak, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Da bango nake magana? In kun mutu ku faɗa mini in tashi in kama aikina." Yanzu jikokina suna zaune a falo ɗaya, kowa da wayarsa, kowa na dariyarsa shi kaɗai. Idan na ba su labari suna saurara da ladabi, ban ce ba su da tarbiyya ba, amma sai na gama tukuna ƙaramar za ta ce, "Nice, Grandma," ta koma kan wayarta.

Wadda ta sa na san darajar amshi ita ce Gwaggo, ƙanwar babana. Mawaƙiyar biki ce, mai kiɗan ƙwarya a kife a kan ruwa cikin masaki, ni kuma ina cikin 'yan matan da ke yi mata amshi tun ban iya ɗaura zane da kyau ba. Tana da gajerun waƙoƙi na zolayar ango da na yabon uwar amarya, amma abin da ake ɗauko ta dominsa daga ƙauyuka masu nisa shi ne wadda muke ce wa Babbar Waƙa, labarin wata mata da ta bi sawun ƙaninta bayan fatake sun tafi da shi. Ana fara ta bayan abincin rana, ba a sauke ta sai shanu sun dawo daga kiwo, kuma ba ta taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu ba. Inda Gwaggo ta ga tsofaffi sun fara share ido sai ta ja wurin, inda ta ga samari na hamma sai ta jefo abin dariya. Lokacin da muke mayarwa ne take haɗiye yawu ta dubi fuskoki. Ba mu kaɗai ba, duk taron ne ke riƙe da ita: wannan ta ce "Ayya!", waccan ta rangaɗa guɗa, wani tsoho ya buga sanda a ƙasa ya ce "Maimaita!" Ranar biki ana son ta kamar a haɗiye ta. Washegari kuwa maroƙiya ce, ba mai son ɗansa ya nemi 'yarta.

Wata shekara bayan girbi sai ga mota ta shigo ƙauye da mutanen gidan rediyo, da akwati mai faifai biyu masu juyawa. Murna a gidanmu ba a magana. Suka ce tsakar gida ba za ta yi ba, kaji da awaki za su ɓata musu aiki, sai aka kai Gwaggo ajin makaranta, aka rufe tagogi, aka kori jama'a can gindin ɗorawa. Mu 'yan amshi aka jera mu a bango, aka ce mu mayar da abin da aka saba mayarwa kawai, ban da guɗa, ban da dariya, ban da tari. Mai ɗaukar, wani saurayi mai ladabi da taye a wuya, ya roƙe ta kuma ta taƙaita, don zaren akwatin ba shi da yawa. Ta fara lafiya lau. Da ta iso inda matar ta tsaya a bakin kogi tana kiran ƙaninta, inda kullum taro ke ɗaukar ta da "Ayya!", sai ba abin da ya zo. Juyawar faifan kawai ake ji. Ta dubi ƙofa. Ta sake ɗauko baitin, ta sake duban ƙofa, sai muryar ta zube. Ta ce musu maƙogwaronta ne, ta yi musu ta zolayar ango, suka ji daɗi suka tafi. Ranar da aka sa ta a rediyo ƙauye duk ya taru a wurin mai tireda, har da masu kukan murna. Sai dai daga nan duk bikin da aka kira ta, "ta rediyo" ake cewa ta yi. Babbar Waƙa ta riƙa guntulewa shekara bayan shekara har Gwaggo ta rasu. Yau idan na lalubi kaina amshin kawai nake samu, baitocin sun tafi tare da ita.

Da wannan rabin waƙar na yi aure, na haihu, na binne maigidana, na hau jirgi na zo nan. Gidan da muke haya yana da ɗakin wanki na kowa da kowa a ƙasa, injuna a jere, ka zuba kaya ka zauna kana kallon su suna juyi. Wata safiya na shiga da kwandon kayan jikoki sai na ji wata murya a lungu, dusasshiya, mai kaushi, tana hawa tana karyewa. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, kanta fari fat, ta ba ni baya tana ninke tawul. Na ɗauka rasuwa aka yi mata. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni: "Ayya! Sannu, baiwar Allah." Ta juyo da sauri, babu hawaye ko ɗigo a idonta. Ta ƙura mini ido, ta sake jan layi ɗaya, ta tsaya tana jira. To ni da na tashi a gindin ƙwarya ai na san mai jiran amshi idan na gan shi. Na ce, "Haka ne!" Tsohuwar nan ta saki tawul ta kama dariya har tana dafa injin wanki.

'Yar Koriya ce, tana zaune a hawa na biyu tare da ɗanta da matarsa, masu shagon wanki da guga a wajen Wendover. Da na tambaye ta me ya kawo uwar masu shagon wanki nan, sai ta ce a nan ne kawai ƙarar injuna ke rufe mata murya, ba mai ƙorafi. Ta girme ni, don haka na sa mata Yaya, ita kuma tana ce mini Sista. Turancinta gurgu ne, nawa ma haka, amma idan muka jingina su da juna, muka ƙara da hannu da ido, suna kai mu inda za mu. Tana kawo mini shayin gasasshen sha'ir a fulas, ina kai mata ƙosai, tana ci tana cewa barkonona wasan yara ne. A haka, wanki bayan wanki, na ji labarin abin da take rerawa.

Sunan abin fansori. Labari ne ake rerawa, dogo, wanda zai iya cinye wuni guda. Mutum ɗaya ne ke tsayawa a kan tabarma da mafici mai naɗewa a hannu, shi ne tsoho, shi ne budurwa, shi ne alƙali, shi ne tsuntsun da ya wuce. Gefensa makaɗi na zaune a ƙasa da ganga ɗaya, hagu da tafin hannu, dama da gajeriyar sanda. Babanta makaɗi ne. Dusashewar muryar da na ɗauka kuka ce, ashe ita ake nema. Masu koyo kan tafi inda ruwa ke zubowa daga dutse su yi ta ƙwala murya har ta fashe, ta warke, ta sake fashewa. Na ce mata mu a wurinmu mai irin wannan murya zuma da citta ake ba shi. Sai ta ɗaga yatsu uku: mawaƙi, makaɗi, da masu sauraro. Su ne ke jefa "Olsu!" da "Jota!" a tsakanin numfashi, wato madalla, ya yi kyau, ci gaba. Na ce ai duwatsun murhu ke nan. Sai da na zana mata murhun a bayan kwalin sabulu kafin ta gane, da ta gane kuwa ta buga mini cinya har sai da na ji zafi.

Abin da ya same su ya fi namu tsanani, don su ƙasar ce gaba ɗaya Japanawa suka mallake tun kafin a haife ta. Yadda babanta ya ba ta labari, da can a tsakar gidan masu hali ake yi, ko a fili ranar kasuwa, manomi da mai sayar da kifi duk a tsugune a kewaye, kowa da bakinsa. Sai aka gina gidajen wasa masu kujeru a jere da tikiti a ƙofa. Aka ga mutum ɗaya a tsaye ba ya cika dandamali, sai aka raba labarin ga mutane da yawa, kowa da kayan adonsa da nasa layin, aka sa labule da fitilu. Bayan haka kamfanonin garmaho suka zo. An taɓa ɗaukar babanta a jirgin ƙasa zuwa birni, aka sa shi da mawaƙinsa a ɗakin da ba taga, aka ce idan fitila ta kama su fara, idan ta mutu su tsaya. Fuskar faifai ɗaya kuwa ba ta ɗaukar abin da ya wuce tafasar ruwan shayi. Labarin wuni guda, me za ka zaɓa a ciki? Masu kamfani suka fi zaɓen wuraren kuka, don su ake saye. Mutanen da aka ƙwace wa ƙasa kuka suke so a taya su. Da ta zo nan a labarinta sai na dafa hannunta na ba ta labarin ajin makaranta. Ta daɗe tana gyaɗa kai.

Shirun kuwa, in ji ta, koya musu shi aka yi. Da yaƙin duniya ya yi zafi, sai an kai wa hukuma abin da za a rera ta duba, waɗansu wuraren a tilasta a yi su da Japananci, ɗan sanda kuma na zaune a bayan zaure. Idan mawaƙi ya ambaci wani mugun hakimi da ke cikin labari, ka kuskura ka ce "Jota!" da ƙarfi, ana iya tambayarka wane hakimi kake nufi. Ita tana ƙarama a lokacin, abin da ta riƙe shi ne hannun uwarta a kan bakinta. Japanawa suka tafi, wani yaƙin ya zo, bayansa silima da rediyo da jita, matasa suka ce wannan kukan tsofaffi ne. Babanta ya rataye ganga ya koma dakon gawayi. Daga baya gwamnatinsu ta farga, ta ce abin gado ne, ta ɗauki nauyin manyan mawaƙa, aka shigar da shi jami'a. Yaya ba ta raina wannan ba. "Sun ceci waƙar," in ji ta, "ban ce ba su cece ta ba. Amma yanzu mutum zai sa kwat, ya zauna kamar a gaban likita, sai an gama ya tafa."

Ita ba a taɓa kiranta mawaƙiya ba. A gida ta koya, da yamma idan babanta ya dawo baƙi ƙirin da gawayi, ya wanke hannu, ya kifa akushi yana bugawa, yana ba ta wani dogon yanki na labari baki da baki, yadda tsohon mawaƙinsa ke yi, yankin da ba a taɓa sa shi a faifai ba. Da ta yi aure ta ɓoye, don a wurinsu ma 'yar makaɗi ba abin alfahari ba ce a gidan surukai. Suka zo Amurka, ta ƙare ƙarfinta a kan teburin guga. Waƙar na nan a cikinta, amma da wani ciwo. Akwai wuri a tsakiya inda mutanen labarin ke rabuwa, murya ta hau can sama ta tsaya, kuma daga nan ba a saukowa sai an ɗauke ka. Babanta ne ke ɗaukar ta da "Olsu!" Tun da ya rasu, duk lokacin da ta iso wurin ta ji shiru sai muryar ta zube. Ta taɓa gwadawa a wani taron mutanensu, suka yi mata tsit na girmamawa, ta tsaya a tsakiya, ta koma kujera da kunya. A gida ma nan take tsayawa, har ɗanta ya tsani abin, yana cewa tana mai da musu gida gidan makoki. Ko a ɗakin wanki da nake amsa mata, da mun doshi wurin sai ta ɗaga hannu ta ce a'a, wannan ba na gaban injuna ba ne.

Sai ga shekararta ta tamanin ta zo, wadda su suke yi wa babban biki. Ɗan ya kama zauren cin abinci na majami'arsu, Yaya kuma ta kafe sai ta yi waƙar babanta daga farko har ƙarshe. Ya yi ta lallashi, ta ƙi. Ta faɗa mini dalili muna ninke zanen gado, ita da gefe ni da gefe. "Numfashina raguwa yake yi, Sista. Bana ina iyawa, baɗi ban sani ba. Idan ta sake mutuwa a bakina ba zan ƙara ɗauko ta ba, tare za a binne mu." Na ce to in zo in amsa mata. Ta yi dariya ta ce a'a, akwai tsofaffi a majami'arsu waɗanda suka tashi a ƙauye, sun san abin, wancan karon kunya ce kawai ta hana su. "Ke ki zo ki ci abinci, ki ji yadda ake yi."

Ranar, 'yata ce ta kai ni bayan ta taso daga aikin asibiti. Tun a mota ta fara ja mini kunne.

"Mama, don Allah, wurin mutane za mu. Ba irin cocinmu ba ne, su quiet people ne. Kada ki yi mana irin naki."

"Ni yarinya ce? Yaushe na taɓa ba ki kunya?"

"Ranar graduation ɗin jikanki fa, da kika yi guɗa har security ya leƙo?"

Na ce wannan daban ne, na kuma yi mata alkawari zan kama bakina.

Zauren ya cika, abinci kala-kala a 'yan ƙananan kwanuka, rana na shigowa ta tagogi. Mu biyu ne kawai baƙaƙen fata, aka ba mu wuri a gaba. 'Ya'ya da jikoki suka zo suka durƙusa gaban Yaya suka gaishe ta. Sannan ɗan ya ɗauki makirufo, ya yi magana da yarensu, ya maimaita da Turanci saboda mu da yara: mahaifiyarsa za ta yi waƙar gargajiya, yana roƙon kowa ya yi shiru a girmama ta. Yaro ne mai kirki, girmamawar da ya sani ke nan, amma na ga yadda fuskar Yaya ta canza.

Ta miƙe cikin doguwar rigarsu, fara da shuɗi, da mafici a hannu. Makaɗi bai samu ba, sai ɗan ya nemo kiɗan ganga a waya ya haɗa da lasifika. Gangar waya ba ta san tsohuwa na bukatar numfashi ba, ta yi gaba abinta, Yaya na bin ta a baya, har ta gaji ta yi masa alama ya kashe. Sai ya zama muryarta ce kaɗai a zauren. Ban taɓa jin ta da cikakken ƙarfi ba sai ranar. Ta yi muryar tsoho, ta yi ta mace, ta naɗe mafici ta dogara shi kamar sanda, ta buɗe ta leƙo ta bayansa. Duk inda ta ja numfashi sai ta ɗan saurara ta dubi teburin tsofaffin nan. Suna zaune hannuwa a kan gwiwa. Na ga leɓen wani yana motsi, ya dubi matarsa, ya haɗiye. Matasa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Ni kuma na cije leɓe, 'yata ta riƙe gefen zanena a ƙarƙashin tebur kamar mai riƙe da akuya a kasuwa.

Na san wurin tun kafin mu iso, don na sha jin ta tana doso shi. Muryar ta hau, ta ƙara hawa, ta sirance, ta tsaya can sama tana rawa. Sai ta yanke. Maficin ya sauka a gefenta. Ba abin da ake ji sai injin sanyaya zaure. Ta dubi tsofaffin, ta dubi ɗanta, sannan ta juya ta dubi ƙofa. Na taɓa ganin wannan kallon ina yarinya, kuma na san abin da ke biyo bayansa.

"Ayya!" na ce, da duk muryar da Allah ya ba ni. "Faɗa musu, Yaya! Muna jin ki!"

Da Hausa na faɗa, don ita ce ta zo mini. Kawuna duk suka juyo. 'Yata ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, please, kin fa yi promise." Wata mata ta rufe baki da hannu. Ɗan ya yunƙuro zuwa wajena ya tsaya. Yaya kuwa ko motsi ba ta yi ba, a wannan ɗan lokacin na ji tsoro irin wanda na daɗe ban ji ba. Na ce shi ke nan, na zo bikin baiwar Allah na kunyata ta a gaban danginta, na kuma ƙarasa kashe mata waƙar. Amma bakin ya riga ya buɗe. Na buga tafin hannu a cinya, na lalubo kalmar da ta koya mini, na jefa mata: "Olsu!"

Maficin ya buɗe da ƙara, fat! Ta ɗauko baitin daga inda ya faɗi, ta sauko da shi a hankali, ta wuce. Ni ban san kalma ɗaya a ciki ba, amma inda ta ja numfashi nan nake sa nawa, ina buga cinya. Ba mu yi nisa ba sai na ji wata murya a bayana, mai tsatsa, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba: "Jota!" Tsohon nan ne mai motsa leɓe. Matarsa ta zungure shi, ya ƙara da ƙarfi. Wata tsohuwa ta karɓa daga can gefe. Wani ya fara buga tebur, hagu da tafin hannu, dama da cokali, kwanuka na tsalle. Daga nan ba a ma jin tawa sosai, na kuwa ji daɗin hakan, don su suka san inda ya dace, ni lalube nake yi.

Sai waƙar ta juya. Kiɗan ya yi sauri, kafaɗun Yaya suka fara rawa, ta yi wata murya ta shaƙiyanci, tsofaffin suka fashe da dariya har wani na share ido da hannun riga. Ta daɗe a wannan ɓangaren, ta ja inda suka fi so, ta maimaita musu wani wuri da suka roƙa. Gumi ya jiƙa mata wuya, muryar ta kusa ƙarewa amma ba ta zube ba, don duk inda ta yi rauni akwai mai tallafe ta. Da ta kai ƙarshe ta naɗe mafici ta sunkuya. Na rangaɗa guɗa, 'yata ba ta hana ni ba, ashe ta saki zanena tuntuni. Na zauna, na yi ajiyar zuciya, raina ya yi sanyi ƙalau. Aka zaunar da Yaya aka ba ta ruwa. Ta hango ni ta cikin mutane, ta nuna ni da mafici tana girgiza kai tana dariya, ba ta da sauran muryar magana.

Ana cikin hayaniyar nan sai ga ɗan ya nufo teburinmu. Na gyara ɗaurin kallabi na shirya ba da haƙuri, don shi ne mai taro kuma dokarsa na karya. Na fara, "Ɗana, ka yi haƙuri, tsufa ne…" Ya girgiza kai. Mutum ne da furfura ta fara cin kansa, ga idanunsa sun yi ja. Ya sunkuya mini irin gaisuwarsu, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ja kujera ya zauna kusa da ni, ya yi magana a hankali yadda zan gane.

"Mama, tun ina goye nake jin waƙar nan. Kullum a wurin rabuwar take tsayawa. Na ɗauka nan ne ƙarshenta."

Na ce, "To yaya ta ƙare? Ni fa ban ji ko kalma ɗaya ba."

Ya yi dariya, hawaye na zubo masa.

"Sun haɗu, Mama. Sun koma gida, har an yi biki, an ci an sha. Duk rayuwata ina jin tausayin mutanen nan, ashe tuntuni suna gida lafiya."